Wai shukar da ke cinye sauro: kafin ka tura kuɗin oda, karanta wannan 🧵

1/ Tun shekaranjiya bidiyon nan yake yawo. Wata shuka mai baki kamar na kada, ƙuda ya sauka, ta yi caraf ta rufe. A ƙasa an rubuta wai ka ajiye guda biyu a ɗaki ka yi bankwana da sauro da kyankyaso, ba feshi ba hayaƙi. Mutum uku suka turo mini. Ɗaya ƙanwata ce, mai goyo, tana tambayar inda za ta samu.

2/ Ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Cewa ta yi in ta samu za ta huta da ɗaura gidan sauro, wai zafi yake sa wa yaron. To a nan wasa ya ƙare. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

3/ Bari in fara da abin da yake gaskiya. Shukar akwai ta, ba haɗin kwamfuta ba ce. Turawa na ce mata Venus flytrap, ni zan riƙa kiranta mai-tarko. Kuma ba ita kaɗai ba ce, ire-iren tsirrai masu cin ƙwari sun haura 600 a duniya. Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1875, bayan ya shafe shekaru yana ɗora musu ɗan nama da farin ƙwai da gutsuren gashi yana kallon abin da za su yi.

4/ Tambayar da mai talla ba ya so ka yi: me ya sa shuka za ta ci ƙwaro? Abincinta ai daga hasken rana take haɗa shi, kamar kowane koren ganye. Matsalarta ƙasar da take fitowa a kai. Dausayi ne mai tsami, yashi da ruɓaɓɓen gansakuka, ruwa ya wanke komai, babu naitirojin da fosfaras na kirki.

5/ Duk ɗan manomi ya san N da P ɗin da ke jikin buhun NPK. To su ne. Ƙasar ta hana ta, sai ta nema a jikin ƙwaro. Wato ƙwaron nan buhun takinta ne. Kun kuwa san taki ba tuwo ba ne, ba kullum ake zubawa ba. Mai-tarko za ta yi wata guda ko fiye ba ta kama komai ba, tana nan lafiyarta ƙalau muddin akwai rana da ruwa.

6/ Halittar da ƙwaro ɗaya ko biyu a wata ya ishe ta, ita ake so a ba wa gadin ɗakin da sauro ke shiga kamar ranar kasuwa.

7/ Yadda tarkon ke aiki kam abin mamaki ne, ba zan ɓoye ba, ina son shukar nan. A cikin kowane ɓari na ganyen akwai 'yan gashi, yawanci uku. In ƙwaro ya taɓa ɗaya, ba ta motsi. Sai ya sake taɓawa cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 sannan ta rufe, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Hikimar ita ce kar ɗigon ruwan sama ko ɗan haki ya sa ta wahalar banza.

8/ A 2016 masu bincike a jami'ar Würzburg ta Jamus suka nuna cewa har ƙirge take yi. Taɓi biyu, ta rufe. In abin da ke ciki ya ci gaba da mutsu-mutsu har taɓin ya kai biyar, sai ta fara sakin ruwan narkar da abinci. Shi ya sa in ka jefa mata mataccen ƙwaro, sau da yawa washegari za ta buɗe ba ta ci ba. Ikon Allah.

9/ Sai narkarwa. Kwana 5 zuwa 12 tarkon yana rufe. Bidiyon daƙiƙa goma ba ya nuna maka wannan ɓangaren. Kuma kowane tarko in ya ci abinci sau uku ko huɗu ya gama aiki, sai ya yi baƙi ya mutu, shukar ta fitar da sabo. Ko da tsinke kake tsokanarsa don ka ɗauki bidiyo, ƙarfinsa kake ƙararwa.

10/ Mu yi lissafin 'yan firamare. A ce shukarka tana da tarko shida, duk lafiyayyu. A ce kowanne yana buɗewa wani ƙwaron ya faɗa, kwana goma-goma. Uku a wata kenan ga kowanne. Shida sau uku, 18. Ƙwari 18 a wata, wannan ma an yi mata kara.

11/ Macen sauro guda ɗaya, irin mai kawo maleriya, tana saka ƙwai 50 zuwa 200 a zama ɗaya, bayan kwana biyu ko uku ta sha jini ta sake. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 10 zuwa 14 ne. Macen ƙuda tana iya saka ƙwai wajen 500 a rayuwarta. Yanzu ɗora 18 ɗinka a ɗaya ɓarin sikelin mu gani.

12/ Kuma 18 ɗin ma ba sauro ba ne. Sauro ya yi mata ƙanƙanta. Rufewar farko ba ta haɗe baki gam, haƙoran suna barin 'yan kafofi kamar ƙarafen taga, ƙananan ƙwari su fice abinsu. Darwin ya lura da haka tun wancan lokacin, ya fahimci shukar ba ta son ɓata kwana goma a kan abin da bai kai ya kawo ba.

13/ A dajin da take fitowa, waɗanda suka riƙa buɗe tarkunan suna dubawa sun tarar yawancin abin da take ci masu rarrafe ne: tururuwa, gizo-gizo, ƙwari irin buzuzu, fara. Masu tashi 'yan kaɗan ne. Ku lura da gizo-gizo a jerin nan. Ma'aikacin da ke kama maka sauro kyauta a lungun silin, shi ne abincinta 😅

14/ Kyankyaso fa? Tarkon yawanci bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ƙaton kyankyason da ke fitowa daga masai yana kai wa 4. Masu renon shukar suna ba da shawarar kar abinci ya wuce kashi ɗaya bisa uku na girman tarko, don in ya yi girma bakin ba ya rufuwa, abin ya ruɓe, tarkon ya mutu tare da shi. Ga kyankyaso ɗan dare ne, yana bayan kabad da ƙarƙashin firji, ita kuma tana bakin taga tana neman rana. Yaushe za su haɗu?

15/ Kuɗin cizo kuwa ba sai mun ɓata baki ba. Hanyarsa ɗaya ce, daga ɗinkin katifa zuwa jikinka, ya koma.

16/ Ga asalin inda maganar ta rushe. Tsirran nan da zaƙi suke jawo ƙwari, da launi, da ƙamshi. Macen sauro mai neman jini kuwa abin da take bi daban: iskar da kake fitarwa in ka yi numfashi, warin gumin fatarka, ɗumin jikinka. Gaskiya ne sauro na shan ruwan fure, mazansu da matansu, don haka jefi-jefi wani zai faɗa. Amma ƙarfe biyun dare, ga shuka a tukunya ga jariri yana numfashi a kan gado, wa kuke ganin za ta nufa?

17/ Na san wani zai ce, "Malam, ai ba mai bakin muke nufi ba, mai tulun nan." To mu je kanta. Sunanta Nepenthes. Ƙarshen ganyenta yana zama kamar ƙaramin tulu mai murfi, bakin yana da santsi da zaƙi, ƙwaro ya zo lasa ya zame ya faɗa cikin ruwan da ke ƙasa. Cibiyarta tsibiran Borniyo da Sumatara da Filifin, akwai kuma a Madagaska.

18/ Wannan gidan akwai labarai. Ɗaya daga cikinsu, Nepenthes rajah ta dutsen Kinabalu, tulunta yana ɗaukar ruwa sama da lita uku. Wata kuma, Nepenthes lowii, in ta girma kusan ta bar farauta. Wata 'yar dabba mai kama da kurege take zuwa ta hau bakin tulun tana lasar zaƙin murfin, tana yin kashi a ciki. Masai ta zama, a nan take samun takinta. Kun ga dai abin da na faɗa, taki take nema, ko ta wace hanya ya zo.

19/ Yanzu ga abin da masu talla ba za su taɓa sa wa a bidiyo ba. Akwai ire-iren sauro da cikin tulun nan suke hayayyafa. A Asiya an daɗe da sanin tsutsar sauro da ke rayuwa cikin ruwan Nepenthes ba tare da ya narkar da ita ba. A Amurka da Kanada akwai wani sauro, Wyeomyia smithii, da ba shi da gidan da ya wuce tulun wata shuka mai suna Sarracenia purpurea. A ciki yake ƙyanƙyashewa, a ciki yake wuce hunturu, ko ruwan ya daskare.

20/ Ba ina cewa waɗancan ire-iren za su biyo shukar zuwa Zariya su cije ka ba. Abin da ya fi damuna ya fi wannan kusa. Yawancin tsirran nan, irin su mai-tarko, yadda ake renonsu shi ne a ajiye tukunyar cikin faranti mai ruwa, kullum ruwan yana kwance. Ruwa mai tsabta, kwance, cikin gida, a inuwar tukunya. Wannan shi ne ainihin wurin da sauron Aedes, mai kawo dengi da shawara, yake nema ya saka ƙwai.

21/ Ka sayi abu don ya kashe sauro, ka buɗe masa ɗakin haihuwa a bakin tagarka. Tab.

22/ Duk wannan ma in shukar ta rayu kenan. Mai-tarko a duk faɗin duniya wuri ɗaya take fitowa da kanta: wani ɗan yanki a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, bai fi kilomita 160 daga garin Wilmington ba. Ƙasa mai danshi duk shekara, rana mai yawa, da sanyin hunturu na gaske.

23/ Ba ta shan ruwan famfo ko na burtsatse in yana da gishirin ƙasa da yawa, saiwarta ƙonewa take yi a hankali. Ruwan sama take so, ko tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin inbata. Ƙasar lambu tana kashe ta. Taki yana kashe ta, ko na Bature ko na shanu. Wato duk gatan da ka saba yi wa shuka, a wajenta guba ne.

24/ Sannan tana buƙatar barcin hunturu, kamar wata uku cikin sanyi kowace shekara, in ba haka ba ta riƙa rama har ta mutu. Masu renonta a ƙasashe masu zafi firji suke saka ta na tsawon watannin. Firji. Wata uku. Da wutar da muka sani. Na bar muku sauran.

25/ Mai tulu ta fi jure zafi, musamman irin na ƙasa-ƙasa ba na kan duwatsu ba, amma iska mai laima take so. In iska ta bushe sai ta daina yin tulun gaba ɗaya, ta zama ganye kawai. Ku tuna yadda leɓe ke tsagewa a Janairu, da yadda Afrilu ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai.

26/ Masu sayar da iri a leda kuma, a kula. Mai-tarko daga iri sai ta yi shekara uku zuwa biyar kafin ta girma. Hotunan da ake sa wa na shuɗiya ko mai ruwan hoda mai ƙyalli, fenti ne na kwamfuta, babu shuɗiyar mai-tarko. Kafin ka gane abin da ya tsiro ciyawa ce, shafin ya canza suna.

27/ Wani abu da ya kamata mai saye ya sani: kasuwar nan tana cutar da shukar a gidanta. Satar tonowa daga daji ta yi yawa har jihar Karolina ta Arewa ta mayar da shi babban laifi a Disamban 2014, wanda ake iya ɗaure mutum a kai. Ta halal ɗin a lambu ake renonta, ba a daji ake tono ta ba.

28/ Don a yi adalci, akwai ƙwarin da wasunsu suke kamawa sosai. Akwai Drosera, mai gashi ɗauke da ɗigon danƙo kamar raɓa, da Pinguicula mai ganye mai maiƙo. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan da ke tashi daga ƙasar tukunyar fure, da masu zagaye ruɓaɓɓen mangwaro, suna manne musu da yawa. Masu lambun fure a waje suna ajiye su don haka. Ko su ma manyan kawai suke kamawa, tsutsar tana cikin ƙasa tana ci gaba da fitowa.

29/ Abin da ya fi burge ni, muna da namu a nan Afirka ta Yamma, ba ma kula ne. A tafkuna da kududdufai akwai Utricularia, shukar ruwa marar saiwa, mai ƙananan jakunkuna a jiki, furenta sau da yawa rawaya ne yana leƙowa saman ruwa. Kowace jaka tana fitar da ruwan cikinta ta lotse, ƙaramar halitta na taɓa gashin ƙofar sai ta zuƙe ta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ta fi mai-tarko sauri nesa ba kusa ba.

30/ Ita kam tana kama tsutsar sauro, an gwada an gani. Cikin duk dangin ita ce za ta iya ɗaga hannu ta ce tana taɓa sauro. Amma tafkunan da take ciki ba su hana ƙauyukan gefensu zazzaɓi ba, kuma ba wanda zai shuka ta cikin randar ruwan sha.

31/ A dazuzzukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai wata mai yaɗo, Triphyophyllum peltatum, da ba kullum take cin ƙwari ba. A 2023 masu bincike a Jamus suka gano abin da ke sa ta fitar da ganyen danƙon: ƙarancin fosfaras. In ta samu ya ishe ta, ba ruwanta da ƙwaro. Hujja ta ƙare, ba ƙiyayya ce tsakaninsu da ƙwari ba balle ka ɗauke su haya.

32/ Ni ban ga laifin wanda bidiyon ya ja hankalinsa ba. Mutane sun gaji da shaƙar guba. Ka fesa fiya-fiya ka rufe ɗaki, ka dawo ido na yaji, mai asma ya kwana zaune. Yawancin abin da ake haɗawa a kwalabe marasa suna ɗin nan, sinadarin da ake rubuta DDVP ne a jikin maganin gona. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kantuna da kasuwannin yau da kullum, amma har yanzu yana shiga ɗakunan kwana.

33/ Mafi muni, ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara, wasu na ajiye ta a ɗaki don kuɗin cizo. Don Allah kar a yi. Da ta ji danshin iska take sakin iskar guba, tana bin kafar ƙofa da silin har ɗakin maƙwabci, kuma yara ne suke fara tafiya. Wanda ya ga irin wannan, in aka ce masa ga shuka za ta yi aikin, dole ransa ya so. Mai tallar ya san haka, a kan wannan tsoron yake ciniki.

34/ Wani zai ce, "ko ɗaya ta kama ai an rage." Da a ce ƙari ce a kan abin da kake yi, da ban yi magana ba, kuɗinka ne. Amma tallar ba ƙari take cewa ba, madadi take cewa. Kuma ga ƙanwata da ke shirin naɗe gidan sauro.

35/ Ku san da wa muke faɗa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na alƙaluman 2022: mutum miliyan 249 suka kamu da maleriya, kusan 608,000 suka mutu. Najeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 27 cikin ɗari na masu kamuwa da kashi 31 na mace-macen. Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa sama da rabin mutuwar duniya. Mafi yawan waɗanda ake binnewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

36/ Abin da aka auna aka ga yana aiki kuma ba ɓoyayye ba ne. Wani babban nazari da mujallar Nature ta buga a 2015 ya ƙiyasta an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasarar gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. Gidan sauron nan da wasu ke shinge lambu da shi, wasu ke kamun kifi.

37/ Zafi gaskiya ne, ban musa ba. Amma akwai dabara. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, yana rage ƙaiƙayin fuska. In a tsakar gida ake kwana lokacin bazara, a ɗaura shi a can. A sa raga a tagogi yadda za a bar su a buɗe iska ta shiga. Fanka in akwai, don sauro ba ya iya tashi da kyau cikin iska mai ƙarfi. A cusa gefen ƙarƙashin katifa, a ɗinke huda.

38/ Sannan a san ruwan da kowane sauro yake so. Anofilis mai maleriya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun taya, sawun shanu, gonar shinkafa. Cikin dare yake cizo, kuma ba shi da yawan kuka. Mai damunka da waƙa a kunne yawanci Kuleks ne, ɗan kwata da masai. Aedes kuma da rana yake cizo, gidansa tsohuwar taya, gwangwani, buɗaɗɗen duro, farantin ƙarƙashin tukunyar fure.

39/ Tunda daga ƙwai zuwa tashi ya fi mako guda, in kana zubar da ruwan da ya kwanta kana goge mazubin sau ɗaya a mako, ka yanke zuriyar. Tsohuwar taya ɗaya da ka kifar ta fi tarko dubu.

40/ 'Yan birni kar ku ce ba ruwanku. A 2020 an gano wani baƙon sauron maleriya daga Asiya, Anopheles stephensi, a jihar Gombe. Shi ba ya jiran damina, cikin tankin ruwa da duro da rijiyar siminti yake hayayyafa. A rufe tanki da murfi ko raga.

41/ Masu yara: in damina ta kama ana bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata ga 'yan wata 3 zuwa 59. Kwana uku ake sha kowane zagaye, ba ranar farko kaɗai ba. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Yaro in ya yi zazzaɓi a yi gwaji ranar, kar a jira a ga yadda zai kwana.

42/ Sauran 'yan hayar a gurguje. Kyankyaso: ruwa da burbushin abinci ke riƙe shi, a wanke kwanuka kafin a kwanta, a toshe tsagar bango, a rufe bakin masai, a sa maganin da yake ci ya koma ramin ya mutu, nesa da hannun yara. Ƙuda: bola mai murfi da rufe abinci. Kuɗin cizo: ruwan zafi sosai ga zannuwa, a kwance gado a bi gaɓoɓinsa, a maimaita bayan mako biyu don ƙwan da ya ƙyanƙyashe. Babu mai daɗin ɗauka a bidiyo, shi ya sa ba sa yawo.

43/ Ga masu sayarwa, ƙorafina ɗaya ne. Ku sayar da ita a matsayin abin da take, shukar ado mai ban mamaki, mai wuyar reno. Akwai masu saye, ni ma ina ciki. Amma da zarar ka rubuta "maganin sauro" a kanta a ƙasar da ta fi kowace binne yara saboda maleriya, ka bar kasuwar fure ka shiga maganar rai. Masu manyan shafuka da ake biya su tallata, wannan ya haɗa da ku.

44/ In har sha'awa ce, ka bar mai-tarko, za ta mutu ta bar ka da takaici. Drosera capensis ta Afirka ta Kudu ta fi sauƙi kuma ba ta buƙatar firji, duk da ita ma zafin Afrilu zai wahalar da ita. Ka tari ruwan sama da damina a jarka mai murfi. Ba taki. Ruwan farantin kuma a zubar a goge duk bayan kwana uku ko huɗu.

45/ Ƙanwata dai na tura mata kuɗin ragar taga maimakon na shukar, gidan sauron kuma yana nan a ɗaure. Ta ce in aiko mata da bidiyon mai zuƙar tsutsar nan ta gani.

46/ Wanda yake kusa da tafki ko fadama, in ka ga ɗan fure rawaya yana leƙowa saman ruwa, ɗaga shukar ka duba ko akwai 'yan jakunkuna kamar ƙwayar gero a jikin zaren. In akwai, ɗauki hoto ka ajiye a ƙasan nan, ka faɗi garin. Ina so in ga namu.